Renault da Manyan Motocin Faransa a Hannun Gwamnati

A ranar 16 ga Janairun 1945 gwamnatin Janar de Gaulle ta ƙwace kamfanin Renault, ta mai da shi mallakar ƙasa. Louis Renault, wanda ya kafa shi tare da 'yan'uwansa a 1899 a Billancourt kusa da Paris, an zarge shi da ƙera wa sojojin Jamus manyan motoci lokacin da suka mamaye Faransa. An kama shi a watan Satumban 1944, ya mutu a watan Oktoba tun kafin a kai shi gaban alƙali.

Manyan motoci ne suka jawo ƙwacen, amma shugaban da gwamnati ta naɗa, Pierre Lefaucheux, hankalinsa na kan ƙaramar motar da ma'aikaci zai iya saye. Ya fito da 4CV, ta karɓu ƙwarai, ta ɗaga kamfanin. Tun daga nan ƙaramar mota ta zama 'yar mowa a gidan Renault, gingimari kuwa 'yar bora. A 1955 aka ware sashen manyan motoci, aka haɗa shi da kamfanonin Latil da Somua, aka kira shi Saviem.

Sai dai sarautar babbar mota a lokacin tana birnin Lyon, wurin Berliet, kamfanin da Marius Berliet ya gina da guminsa. Su ne suka ƙera T100 a 1957, ƙatuwar motar da aka yi don aikin haƙar mai a Sahara. A ƙarshen 1959 kuma ayarin motocinsu tara ya tashi daga Janet ta Aljeriya, ya keta Tenere ta ƙasar Nijar har Fort-Lamy, wadda a yau ake kira Njamena. Wanda ya san yashin Tenere ya san wannan ba ƙaramar shaida ba ce ga inji da taya da kuma direba.

Citroën ya sayi Berliet a 1967, amma da tsadar mai ta girgiza kasuwa, shi kansa ya durƙusa a 1974. Peugeot ya karɓi Citroën, gwamnati kuma ta tura Berliet hannun Renault, don kada ya faɗa wa baƙi. A 1978 aka narkar da Berliet da Saviem suka zama kamfani ɗaya, RVI, a 1980 aka goge sunayen biyu daga gaban motoci.

A ganina nan ne amfanin gwamnati da illarta suka bayyana tare. Ta hana masana'antar mutuwa, dubban ma'aikata a masana'antun Vénissieux da Blainville suka ci gaba da ciyar da iyalansu, kuma wannan abin yabo ne. Amma haɗa kamfanoni biyu da suka yi shekaru suna hamayya, kowanne da injinansa da dillalansa da irin motocinsa, aiki ne da ke buƙatar a rage wani abu. Gwamnatin da ke kallon zaɓe ba ta son rufe masana'anta, mai sayen tirela kuwa ba ruwansa da tuta. Abin da yake lissafi shi ne man da za ta sha, da kayan gyara, da shekarun da za ta yi tana ɗaukar kaya. Mercedes da Volvo da Scania suka yi ta cin kasuwa. A 1984 Renault gaba ɗaya ya tafka asarar faran biliyan 12.5.

An yi ƙoƙari. Renault ya shiga kamfanin Mack na Amurka a 1979, ya mallake shi duka a 1990, shekarar da ya fito da Magnum, kan tirelar da direbobin doguwar tafiya suka yaba wa faɗin ɗakinsa. Duk da haka, da gwamnati ta saki rinjayenta a Renault a 1996, ba a daɗe ba aka rabu da sashen manyan motoci. A 2001 Volvo na Sweden ya karɓi RVI da Mack, Renault ya samu kusan kashi 20 cikin ɗari na hannun jarin Volvo, ya kuma gama sayar da kason nasa a 2012.

Yau gwamnatin Faransa na riƙe da kusan kashi 15 cikin ɗari na Renault mai ƙananan motoci. Manyan kuwa har yanzu ana ƙera su a Faransa da sunan Renault Trucks, amma kamfanin na Volvo ne.