Abin Da Ya Faru A 'Yan Awaki

Ina yarinya a Fagge aka yi rikicin Maitatsine cikin watan Disamba na 1980. Ban manta yadda innata ta kulle mu a ɗaki ba, tana ta salati, harbi na tashi.

Sunansa Muhammadu Marwa, mutumin Marwa ta ƙasar Kamaru. An taɓa korarsa daga Kano a 1962, ya sake dawowa ya yi kaka-gida a unguwar 'Yan Awaki. Shi dai ya yi watsi da hadisi, ya riƙe Alƙur'ani yana fassara shi yadda ya ga dama. Wai duk wanda ya ɗaura agogo, ko ya hau keke, ko ya saurari rediyo, Allah ya tsine masa. Nan ya samo sunan.

To, su wa suka bi shi? Yawancinsu almajirai ne da gardawa da suka baro ƙauye, ba uwa ba uba a kusa. Ya ba su tuwo da makwanci, suka ba shi kunnuwansu.

Hukuma kuwa ta daɗe tana kallo. Sai a ƙarshen Nuwamba Gwamna Abubakar Rimi ya aika masa takarda ya tashi daga unguwar. Ranar 18 ga Disamba faɗa ya ɓarke a Shahuci, 'yan sanda suka kasa, sai da Shugaba Shehu Shagari ya turo soja. Shi kansa Marwa a nan ya gamu da ajalinsa. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ƙirga rayuka 4,177.

Aka zaci an gama. Ina! Sai ga almajiransa a Bulumkutu ta Maiduguri a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985. Harsashi ya kashe malamin, amma yunwa da jahilcin da suka tara masa jama'a suna nan.

Shi ya sa nake roƙonki, 'yar uwa, ki san inda ɗanki yake ɗaukar karatu. Wane ne malaminsa, shi kuma a wurin wa ya yi karatu? Ran da yaro ya dawo gida yana kafirta kawunsa saboda agogo, kada ki ce ƙuruciya ce. Ki sanar da mahaifinsa, ku kai shi wurin malami na ƙwarai, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.