Yadda Aka Rufe wa Kyanwa Ƙofa

Duk wanda ya taɓa kwana a gidan da ake kiwon kyanwa ya san sa'ar nan ta sulusin dare na ƙarshe, lokacin da gari ya yi tsit, barci ya yi nauyi, sai a ji kwano ya faɗo daga kan kanta, ko a ji ana yakushin ƙofa ana kuka ba ƙaƙƙautawa, har mai gida ya farka yana salati, yana tambayar kansa abin da ya kai shi ajiye wannan dabba. Amma da za a bi asalin al'amarin sannu a hankali, da an tarar cewa wannan rashin barci da ake tuhumarta da shi yau, shi ne ainihin abin da ya sa mutanen farko suka karɓe ta, domin gadi suke nema a sa'ar da su kansu ba sa iya yinsa.

Daga rumbu zumuncin ya faro. Yayin da mutanen Sham da Iraƙi da kudancin Turkiyya suka fara noman alkama da sha'ir, suna adana amfanin shekara, ɓeraye suka taru, kyanwar daji kuwa ta biyo ɓeraye, irin wadda har yanzu ake samu a dazuzzukan Afirka, har da na yankinmu. A shekarar 2004 wasu masana Faransawa suka bayyana labarin wani kabari a tsibirin Ƙubrus, mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum, aka kuma binne kyanwa 'yar wata takwas dab da shi. Tun da yake tsibirin ba shi da kyanwa ta asali, babu makawa a jirgin ruwa aka kai irinta, kuma ba a ɗaukar wannan ɗawainiya sai don abin da aka san amfaninsa. Halittarta ma ta dace da aikin. A can cikin idonta akwai wani shafi mai mayar da haske, wanda shi ke sa idon ƙyalli idan an haska ta da fitila, har takan gani da kimanin kashi ɗaya cikin shida na hasken da ɗan Adam yake bukata, kunnenta kuma yana kama siririn kukan ɓera wanda namu ba ya ji. Ƙarfin farautarta da almuru ne da kuma goshin asuba, cin abincinta kaɗan-kaɗan ne sau da yawa, barcinta kuwa ya kai rabin yini ko ya fi, galibinsa da rana.

Misirawan dā sun wuce gona da iri, suka kai ta matsayin abin bauta a birnin Bubastis, suna yi wa gawarta likkafani; ƙarshen wannan girma shi ne, a 1890 aka yi gwanjon tarin gawawwakin nan a Libaful ta Ingila, aka saya aka yi taki da su. Musulunci ne ya ajiye ta a matsakaicin matsayi, kuma wanda ya yi karatu a zaure ya san inda maganarta take zuwa, wato a babin tsarki. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa yadda Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa har ta sha, ya kafa hujja da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore mata najasa, saboda tana cikin masu kewaya mutane a gidajensu. Abin lura a nan shi ne illar hukuncin: shari'a ta ɗauki shige da ficenta a matsayin ɗabi'ar da ba a iya tsare kai daga gare ta, sai ta sauƙaƙa wa mutane, ba ta ce a ɗaure dabbar ba. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, ba ci ba saki, ya ƙara fito da ƙa'idar fili, cewa wanda ya tsare ta, ciyarwa ta hau kansa. Har Sarkin Misira Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira domin ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. Bayan fiye da shekara 500 wani Bature, Edward Lane, ya tarar alƙalin birnin yana ci gaba da sa a zuba musu abinci kowace la'asar a farfajiyar kotu, alhali lambun ya daina kawo abin kirki.

Kada a zaci mutanen dā ba su sha wahalarta ba. Sun sha, sai dai kukansu na ɓarna ne. Wani mawaƙin Bagadaza, Ibn al-Allaf, wanda ya rasu wajen 930, yana da muzuru mai shiga ɗakunan tattabarun maƙwabta yana cinye 'ya'yansu, har suka gaji suka kama shi suka yanka, shi kuwa ya yi masa marsiyya wadda ta shahara, ko da yake wasu malaman tarihi sun ce wani mutum mai suna Ibn al-Mu'utazz yake yi wa makoki a fakaice, don tsoron hukuma. A ƙasar Hausa ma da kaji aka san laifin muzuru, shi ya sa ake misalta tuban ƙarya da tubansa. Maganin da iyayenmu suka yi wa wannan, a ganina, akwai hikima cikinsa, domin dukiyar suka killace: a kora kaji cikin akurki da magariba a toshe, a rataye ƙwaryar nono da sauran miya a ragaya, a kife tukunya a danne da dutse, ita kuwa a bar ta ta bi ta kan katanga ko ta kwararo yadda ta so. Ga kuma camfin da ya kare ta daga sanda, tun da mutane da yawa ba sa yarda su doki baƙar kyanwa da dare, don gudun kada a dace da aljani. Ba na ƙarfafa wannan zance, amma ya cece ta daga duka mai yawa.

Turawa ma haka suke har kusan jiya. Ko bayan da masu hali suka mayar da ita abin ado, aka yi bikin nunin kyanwoyi na farko a Landan cikin 1871, al'adar gidajen Ingila da Amurka ita ce, kafin a kwanta a fitar da ita waje a sa sakata. Babban abin da ya hana ta kwana a ɗaki shi ne bahaya, don yashi da tokar da ake zuba mata a akwati ba sa kashe wari. A 1947 wani ɗan kasuwa a jihar Mishigan, Edward Lowe, ya ba maƙwabciyarsa wani busasshen yumɓu mai tsotse danshi ta gwada, abin ya yi kyau, ya shiga ƙulla shi yana sayarwa. Da wannan ya haɗu da abincin gwangwani da fiɗiyar da likitocin dabbobi suka saba yi, sai ya zama kyanwa tana iya ƙare rayuwarta ba ta taka ƙasa ba. Daga nan ne ƙarar hana barci ta yawaita, domin an raba ta da ɓera da katanga, an bar ta yini guda ita kaɗai tana barci yayin da mutanen gida suke wurin aiki, sa'an nan ana so ta sake kwantawa tare da su.

Shawarar da likitocin dabbobi suke bayarwa yanzu, idan an duba, kwaikwayon farautar da aka hana ta ce: a ja mata zare ko gashin tsuntsu bayan isha'i har ta gaji, a ba ta babban abincinta a ƙarshe, a kuma daure kada a tashi a zuba mata komai idan ta yi kukan asuba, don wanda ya tashi sau ɗaya ya koya mata hanya. Fiɗiya tana rage ihun barbara da faɗan muzurai, tsohuwar kyanwar da ta fara kukan dare bagatatan kuwa a kai ta a duba lafiyarta. A Ostireliya lamarin ya kai ga doka, saboda ɓarnar da take yi wa tsuntsaye da ƙananan namun dajin ƙasar: ƙananan hukumomi da dama a jihar Biktoriya sun hana barinta waje da dare, a yankin babban birnin Kanbera kuwa, duk kyanwar da aka haifa daga 1 ga Yuli 2022 wajibi ne mai ita ya tsare ta a gidansa dare da rana.