Daga Gero Zuwa Shinkafa: Yadda Ruwan Tiga Ya Sauya Tukunyarmu

Kafin a san Kura da shinkafa, da rini aka san ta, shi ya sa har gobe ake kiran rawanin nan ɗan Kura. A wancan zamani noman Kura da Bunkure na damina ne: gero, maiwa, dawa, wake da gyaɗa. Da safe mu sha koko, da rana fura, da dare tuwon dawa miyar kuka. Shinkafa kuwa sai da salla ko biki.

A 1974, ana cikin raɗaɗin farin da ya addabi yankin Sahel, gwamnatin Audu Baƙo ta kammala madatsar ruwa ta Tiga. Aka jawo ruwan ta magudanai zuwa filayen Kadawa, aikin da daga baya ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Alkama da tumatir suka samu gurbi da rani. Da gwamnati ta hana shigo da shinkafa a 1985, sai nomanta ya ƙara riba. Gero ba ya son ruwa ya kwanta masa, don haka aka bar shi a kan tudu.

Ba ma raina wannan alheri, domin noman rani ya kori yunwa daga gidaje da dama. Amma abin da gona ta koma, shi tukunya ke komawa. Idan inji ya goge shinkafa fes, ya cire mata dusa, sauran garin da ya rage kan ɗaga sukarin jini da wuri. Gero ya fi ta harza, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, kuma yakan daɗe a ciki. Shi ya sa likitoci ke shawartar masu gudun ciwon suga da ƙiba da ciwon zuciya su riƙi hatsin da ba a goge ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da dangoginsa, bisa shawarar Indiya.

Sai dai a yi hattara, gero ba magani ba ne. Idan an surfe shi har ya yi fari, aka dama fura da tulin sukari, an zubar da rabin amfanin. Kakanninmu kuma da ƙafa suke zuwa gona.

Ba mu ce a daina cin shinkafar Kura ba. A dai rage surfe, a rage sukari, a mayar wa gero da wake gurbinsu a kwanon gida, ko da sau uku ne a mako.