Ƙafar Jirgi da Ranar da Kano Ba Ta Mantawa

A gidanmu na Gyadi-Gyadi, kakata ba ta taɓa jin rugugin jirgin sama ta yi shiru ba. Da ya gifta sai ta ɗaga kai ta ce, “Allah Ya sauke ku lafiya.” Ina yaro na ɗauka al'ada ce irin ta tsofaffi. Sai da na girma na gane cewa addu'ar tana da tarihi, kuma neman asalinta ne ya kai ni ga wannan rubutu.

Kano ta daɗe da sanin jirgi. Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, a zamanin Sarki Usman na Biyu, jirage uku ƙirar DH.9A na mayaƙan saman Ingila suka sauka a filin sukuwa, bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Ƙananan jirage ne masu ɗaukar mutum biyu, ƙafafunsu a kafe suke, ba a naɗe su. Daga baya masu ƙira suka lura cewa ƙafar da ke reto a waje tana rage gudu, sai suka ƙirƙiro wadda ake janyewa cikin jirgi bayan tashi. Gudu ya ƙaru, amma sabuwar fargaba ta biyo baya: idan lokacin sauka ya yi ƙafar ta ƙi fitowa fa?

Matuƙan ƙananan jirage, irin waɗanda ake horarwa a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya da aka kafa a 1964, suna da amsa. Fitilu uku koraye ne ke shaida wa matuƙi cewa kowace ƙafa ta fito ta kulle. Idan ɗaya ba ta kama ba, ba ya gaggawa. Yakan koma sama ya gwada fito da ita da hannu, ya gifta kusa da hasumiya don a duba masa daga ƙasa, sa'an nan ya yi ta kewaya har mai ya ragu, 'yan kwana-kwana kuma su shirya. In duk dabara ta ƙare, sai ya kashe mai da lantarki dab da taɓa ƙasa, ya daidaita fukafukai, ya kwantar da jirgin a kan cikinsa. Jirgin kan lalace, amma yawanci mutane kan fita da ƙafarsu, domin matsalar ta yi sallama kafin ta shigo.

Wadda ta zo Kano ranar 22 ga Janairu, 1973, ba ta yi sallama ba. Jirgi ne babba, Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi haya don kwaso alhazai daga Jidda zuwa Legas. Rashin kyawun yanayi a Legas ya sa aka karkato da shi Kano, a tsakiyar hunturu, ga iska mai ƙarfi. Da ya dira, ƙafarsa ta karye, ya juya, ya bar titinsa, wuta ta kama. Daga cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka riga mu gidan gaskiya. Har zuwa wancan lokaci duniya ba ta taɓa ganin haɗarin jirgi da ya ci rayuka haka ba.

A shekarar wan kakata yana cikin alhazai. Ta ce labarin ya iso unguwa ta rediyo da bakin mutane, ba sunaye, ba tabbaci. Maza suka nufi filin jirgi, mata suka taru a tsakar gida ba mai iya haɗiyar ko ruwa. Bayan kwanaki ya dawo a wani jirgin, amma murnar ba ta cika ba, don ana yi masa barka da zuwa ana tunanin gidajen da aka shimfiɗa tabarmar makoki.

Na taɓa tambayarta, “Iya, ai ajali ne, ko?” Ta dube ni ta ce, “Ajali ne, ɗan nan. Amma wanda aka ba amanar rayuka, za a tambaye shi.”

Wannan amsa ce na riƙe. Tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Lafiyar titin jirgi, duba ƙarafan ƙafa, horon matuƙi da shirin masu kashe gobara duk aiki ne da ake yi tun kafin ranar tsanani, lokacin da babu mai kallo. Kakata ta rasu, amma yau idan ina tafe a titin Zariya ko cikin Tarauni na ji jirgi ya nufi filin Malam Aminu Kano, sai in ji bakina ya ɗauki addu'arta.