Tarihin Wanke Guba: Daga Fagen Fama Zuwa Sharaɗa, Challawa da Bompai

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, duk wanda ya taɓa ratsa Sharaɗa ko Challawa ko Bompai da tsakar rani ba ya bukatar a ba shi labarin ruwan da ke kwarara a kwatocin waɗannan unguwanni na masana'antu. Wani baƙi ƙirin, wani shuɗi, wani kuma da kumfa a kansa, ga wari mai hawa kai. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, shin ina wannan ruwa ke zuwa, kuma idan ya gurɓata ƙasa, ta yaya ake wanke ta? Cikin waɗanda suka nemi amsar irin wannan tambaya da gaske akwai sojoji, domin kuwa an watsa musu guba da gangan. Saboda haka daga wurinsu za mu ɗauko zaren wannan tarihi.

A ranar 22 ga Afrilu, 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, sojojin Jamus suka saki iskar kulorin a kan abokan gabarsu kusa da garin Ypres na ƙasar Beljiyam. Kulorin iska ce, idan ta yi ɓarnarta sai ta watse. Amma a watan Yuli na 1917 sai aka fito da wata guba da ake kira mastad, wadda ke sauka kamar ɗigon mai, ta manne wa ƙasa da tufafi da bindigogi kwana da kwanaki, ta sa fata ƙuruciya irin ta ƙuna, ta kuma rufe idanu. Daga nan ne wanke guba ya zama sana'a a cikin aikin soja. Aka riƙa barbaɗa garin bilic a ramuka da hanyoyi, ana tuɓe wa sojoji tufafinsu a yi musu wanka da ruwa da sabulu. Ita wannan guba ce Italiya ta zuba wa Habashawa a yaƙin 1935 zuwa 1936, duk da yarjejeniyar Geneva ta 1925 da ta haramta amfani da ita.

Sannu a hankali sojoji suka tsayar da ƙa'idoji guda uku. Na farko, a gane irin gubar kafin a taɓa ta. Na biyu, a shata iyaka tsakanin wurin da ya gurɓata da wuri mai tsabta, kowa ya bi ta hanya guda. Na uku, wanda shi ne ya fi shafar mu, ruwan da aka yi wankin da shi ya zama guba shi ma, don haka tilas a tare shi a rami a kashe masa kaifi, ba a bar shi ya gangara rafi ba.

Ta ɓangaren ƙwayoyin cuta kuwa, labarin ya fi haka tsawo. A 1942 masanan sojan Ingila sun gwada bam mai ɗauke da ƙwayar cutar da makiyayanmu ke kira saifa a wani ɗan tsibiri mai suna Gruinard, a gaɓar Sukotilan. Tumakin da aka ɗaure a wurin suka mutu cikin 'yan kwanaki. Yaƙi ya ƙare a 1945, amma ƙwayar cutar ta yi lamo a cikin ƙasa, aka hana kowa taka tsibirin. Sai a 1986 aka zo da tan 280 na fomalin, wato ruwan nan da muka sani a ɗakin kimiyya ana ajiye kwaɗi da macizai a ciki, aka sirka shi da ruwan teku aka shayar da ƙasar, aka kuma kwashe saman ƙasa a inda abin ya fi muni. Bayan an saki tumaki sun yi kiwo lafiya, sai aka buɗe tsibirin a 1990. Mai karatu ya lura, gwajin ɗan lokaci kaɗan ya ci shekara 48. Ita kuwa saifa ba baƙuwa ba ce ga masu harkar fata da ƙirgi, domin tana iya ɓoyewa a jikin fatar dabbar da ta kashe, kuma ko a watan Yuli na 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a yankin Suleja.

Nijeriya ta ɗanɗana nata rabon ne ba tare da an yi yaƙi ba. Tsakanin 1987 da 1988 wasu 'yan kasuwar Italiya suka jibge sharar masana'antu mai guba, fiye da tan 3,500, cikin dubban durom-durom a wani fili a garin Koko, a tsohuwar Jihar Bendel, ana biyan mai filin dala 100 a wata. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka tsegunta wa jaridun gida. Da asiri ya tonu a watan Yuni na 1988, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta janye jakadanta daga Rum, ta kuma tsare wani jirgin ruwan Italiya a Legas, har sai da Italiya ta yarda ta kwashe kayanta. Wasu daga cikin ma'aikatan da suka yi lodin sun samu ƙuna da rashin lafiya saboda ƙarancin kayan kariya. Jirgin da ya ɗauki wani kaso na sharar, mai suna Karin B, ya yi ta gararamba a teku, tashoshin Turai suna korarsa, kafin a ƙarshe ya sauke a Italiya.

Abin da ya faru a Koko shi ya haifi dokar soja mai lamba 42 ta 1988, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da shara mai guba, da kuma doka mai lamba 58 da ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato FEPA. A 1991 hukumar ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa kowace masana'anta tace dagwalonta kafin ta sake shi. An shigar da FEPA cikin Ma'aikatar Muhalli a 1999, sa'an nan a 2007 aka kafa NESREA domin tilasta bin dokokin.

Yanzu sai mu dawo gida. Jima tsohuwar sana'a ce a Kano, kuma majemanmu na gargajiya, irin na Ƙofar Wambai, da bagaruwa suka dogara, abin da ƙasa ke iya cinyewa. Bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 cinikin fata da ƙirgi ya bunƙasa. Bompai ta fara cika da masana'antu tun zamanin Turawa, Sharaɗa da Challawa kuma suka biyo baya daga shekarun 1970. Kamfanonin fata na zamani suna tuge gashi da farar ƙasa da sinadarin salfaid, wanda shi ne tushen warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, sa'an nan su jeme fatar da gishirin wani ƙarfe da ake kira kuromiyom. Ba duka fatar ke shanyewa ba, ragowar sai ta bi ruwa. Dagwalon Bompai yana bi ta rafin Getsi ya faɗa Jakara, ya nufi dam ɗin Wasai. Na Sharaɗa yana bi ta Salanta zuwa kogin Challawa, wanda daga baya yake haɗuwa da kogin Kano su wuce Wudil da Haɗeja. A bakin waɗannan ruwaye akwai 'yan lambu masu noman latas da alayyafo da karas, akwai masunta, akwai kuma makiyaya masu shayar da dabbobi.

A nan ne matsalarmu ta sha bamban da ta soja. Bilic yana karya gubar mastad, fomalin yana kashe ƙwayar saifa, amma babu wani sinadari da ke kashe ƙarfe. Idan ya shiga laka ko ƙasar lambu, to ya zauna ke nan, ko da kamfanin da ya zuba shi ya rufe ƙofa, kamar yadda da yawa suka rufe tun daga shekarun 1990. Jihar Zamfara ta nuna mana abin da hakan ke nufi. A 2010 aka gano gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara aƙalla 400. Likitocin ƙungiyar MSF sun ga cewa magani ba zai yi amfani ba muddin yaro zai koma wasa a ƙasar da ta sa shi ciwo. Don haka sai da aka bi gida-gida ana kankare saman ƙasa, a kai rami a binne, a zubo sabuwa. Garin Bagega bai samu wannan aiki ba sai a 2013. In ƙauyuka sun ci wannan wahala, ina ga gindin kogi mai tsawon kilomitoci?

Alhali kuwa tare kuromiyom a bakin ƙofar kamfani ba wani abu ne mai wuya ba. Idan aka tara ruwan jima a tanki aka zuba masa farar ƙasa, sai ƙarfen ya kwanta a gindi, a tace shi, har ma a iya sake amfani da shi. Wannan ita ce ƙa'idar soja ta uku, kuma ita ce dokar 1991 ta nema.

A cikin wannan ƙungiya tamu akwai injiniyoyi da likitoci da malaman tsabta da manajojin kamfanoni da mu ma'aikatan gwamnati. Ya kamata kowannenmu ya tambaya a inda yake da faɗa a ji: shin tankunan tace dagwalo suna aiki kuwa? Ana auna ruwan rijiyoyin maƙwabta da ganyen lambu, a kuma gaya wa jama'a sakamakon? Leburori suna da safar hannu da takalman roba? Koko ta samu Italiya ta kwashe mata shara. Tamu kuwa mu muka zuba, babu jirgin da zai zo ya ɗauke mana. Allah Ya sa mu dace, amin.