Yamma da Hesperos

Ku 'yan makaranta, kadan mutumin Ribah ya ce zai tafi Zuru da yamma, kun san lokaci ya ke nufi. In kuwa ya ce Zuru tana yamma da Ribah, to, wuri ya ke nufi. Kalma ɗaya ke nan mai aiki biyu. Kada ku zaci Hausawa kaɗai ke yin haka.

Yunanawan dā suna da kalma, hesperos, watau maraice, kuma ita ce yamma. Dalili a fili ya ke: inda rana ta faɗi, can maraice ke fitowa. Saboda haka suka kira Italiya Hesperiya, domin tana yamma da su. Da Rumawa suka ari sunan, sai wani lokaci su ɗora wa ƙasar Sifen, don kowa da yammacinsa. Larabawa ma Magrib su ke ce wa Maroko, mu kuwa muka karɓi kalmar muka ce magariba.

Asalinta fa? Masana sun gane da "w" ta ke farawa, wesperos, sa'an nan harafin ya faɗi a bakin yawancin Yunanawa. Rumawa suka riƙe shi, suna cewa vesper, wadda ta zama sunan addu'ar maraice a coci. Yawancin masana sun ce "west" ta Ingilishi ma tushensu ɗaya. Tun 1786 wani alƙali Bature, Sir William Jones, ya bayyana a Kalkata cewa Yunananci da Rumanci da Sanskirit na Indiya kakansu ɗaya. Amma fa "yamma" tamu ba ta cikin wannan dangi. Rana dai ɗaya muka duba, mu da su.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne tauraron nan mai haske da ke fitowa bayan faɗuwar rana. Shi ma Hesperos su ke kiransa, na asuba kuwa Fosforos, suna tsammani biyu ne. Daga baya suka gane ɗaya ne. Waɗansu sun ce Fitagoras ya fara ganewa, waɗansu Farmenidas. Mu ma sunaye biyu muka ba shi: Zara matar wata da maraice, Gamzaki da asuba. Duniya ce mai kewaya rana cikin kwana wajen 225. Ku lura, watannin da Zara ke haskawa ta wajen Zuru, ba za ku ga Gamzaki da asuba ba.