Muciya da Littafi: Tarihin Wata Maƙwabtaka a Gidan Bahaushe

Shekara takwas ke nan da aiki ya kawo ni Kudu, kuma a cikin waɗannan shekaru, musamman lokutan da iyalina suke can gida Arewa, na koyi abin da ban taɓa zaton zan koya ba, wato tuƙa tuwo. Abinci bai yi ƙaranci a gari ba, ga amala ga sakwara ga teba, kuma duk ina ci. Sai dai akwai wata irin yunwa da takan kama baƙo bayan magariba, wadda ba ta jin magani in ba tuwon dawa da miyar kuka ba. A wajen wannan tuƙi ne na lura da wata ɗabi'a da ta kama ni ba da shawarata ba: ba na shiga madafi sai da littafi. In na yi talge na rufe, sai in karanta shafi uku ko huɗu kafin ya nuna. In na tuƙa na bar shi ya sulala, sai in ƙara wasu. Littattafan kuwa ba waɗanda nake koyarwa a wannan zango ba ne, tsofaffi ne da na riga na san ƙarshensu, kamar yadda na san ɗanɗanon miyar tun kafin in sauke ta. Da na zauna na yi tunani, sai na ga ashe wannan maƙwabtaka ta tukunya da takarda tana da tarihi, kuma tarihin bai yi tsawon da mutum zai zata ba.

Shi tuwo dai tsoho ne. Lokacin da Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya tarar da mutane suna rayuwa a kan gero da dawa, kuma ya ambaci tuwo da fura da daddawa a cikin labarin tafiyarsa. Abin da matafiyi namiji ba ya gani shi ne aikin da ke bayan akushi. Kafin dawa ta zama malmala sai an sussuka, an sheƙe, an surfa a turmi, an bakace, an wanke, an shanya, an durƙusa a gaban dutsen niƙa, an tankaɗe. Daddawa ita kaɗai aikin kwanaki ce, daga dafa kalwa zuwa wanke ta da rufe ta har ta ruɓa yadda ake so. Ga ɗiban ruwa, ga itace, ga hura wuta a murhu. Macen da ranar girkinta ta zo, tun daga hantsi har isha'i hannuwanta biyu duk a cike suke. Saboda haka adabin da ya zauna a madafi shi ne wanda baki kaɗai ya ishe shi: waƙar niƙa, waƙar daka da luguden taɓarya, habaici tsakanin kishiyoyi, da karin magana. In an ci tuwon dare an wanke hannu, sai yara su kewaye kaka ko goggo a shiga labarin Gizo da Ƙoƙi. Har camfi aka kafa don hana tatsuniya da rana, kuma ni a ganina hikimar camfin ba ta wuce tsare lokacin aiki ba.

Takarda kuwa mazauninta zaure ne. Can ake ajiye allo da tawada da gafaka, can malam yake zama da almajiransa, kuma can ake kai masa tuwon da aka gama a ciki. Ba a rasa masu ƙin wannan rabo ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da na waje, kuma suna ɗora musu girki da wanki kamar su ne kaɗai abin da aka halicce su dominsa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yantaru, inda jajis suke ɗaukar waƙoƙin wa'azi su kai wa matan ƙauyuka. Amma a lura, hanyar da ilmin ya bi ya shiga cikin gida ita ce hadda da rerawa. Waƙa aka ba su, domin waƙa ce mace za ta iya riƙewa tana tuƙi.

Da boko ya zo, shi ma ta zaure ya shigo. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 ta maza ce zalla, kuma daga cikin irin waɗanda suka yi karatu ko koyarwa a makarantun wannan zamani aka sami marubutan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Babu mace ko ɗaya a cikinsu. Duk da haka, littafin boko bai ƙirƙiro wa kansa sabon lokaci ba, lokacin tatsuniya ya gada. Abubakar Imam ya gane haka sarai, shi ya sa a Magana Jari Ce ya sa aku yana ba da labari dare bayan dare don ya tsare ɗan sarki a gida. Haka kuma aka riƙa karanta shi a gidaje da yawa: bayan tuwon dare, a gaban aci-balbal ko fitilar ƙwai, yaro ɗan makaranta yana karantawa da ƙarfi, waɗanda ba su iya ba suna saurare. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a 1939, ita ma haka aka yi mata, kwafi ɗaya kunnuwa da yawa. Matan gida sun sami rabonsu daga wannan karatu, amma ta kunne, galibi suna kankare ƙanzo ko suna haɗa kwanuka.

Abin mamaki shi ne, ko da aka buɗe wa 'yan mata makarantun farko a Kano da Katsina a 1930, babban abin da aka sa a gaba shi ne tsabta da ɗinki da kula da gida. Wato an fito da yarinya daga madafi, an kai ta aji, an sake nuna mata hanyar madafi. Kuma mafi cikar bayanin da muke da shi a rubuce game da rayuwar cikin gida ta wancan zamani, da rabon girki da daka da zaman kishi, daga bakin wadda ba ta iya karanta shi ba ya fito. Ina nufin Baba mutuniyar Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950. Ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954. Duk lokacin da na ɗauko shi nakan ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro, domin da jikokinta mata sun so karanta shi a lokacin, da sai sun haye katanga biyu, ta boko da ta harshe.

To, yaya aka yi littafi ya ƙetare tsakar gida ya isa bakin murhu? Amsar da aka saba bayarwa ita ce makaranta, kuma gaskiya ce. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 da ƙananan littattafan da hukumar NORLA ta buga sun share fage, sa'an nan shirin ilmin firamare na bai-ɗaya, wato UPE na 1976, ya kwashi 'yan mata masu ɗimbin yawa ya koya musu karatun Hausa. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ake ɗauka shi ne ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Amma ni ina da ƙarin amsa da ban ga manazarta sun ba ta muhimmanci ba, ita ce injin niƙa. Iya karatu daban, samun sukunin yin sa daban. Da injin niƙa ya bazu a unguwanni, da risho ya shigo, da famfo ya matso, da dunƙulen ɗanɗano ya fara raba wa daddawa aiki, sai aikin da yake cinye yini ya koma na sa'o'i kaɗan, kuma a cikin sa'o'in nan aka sami giɓi: jiran yaro ya dawo daga niƙa, jiran ruwa ya tafasa, jiran talge, jiran sulala. Injin ya kashe waƙar niƙa, wannan hasara ce da ba na musu. Amma a gurbin da waƙar ta bari ne littafi ya zauna.

Littafin da ya zauna ɗin kuwa daidai da gurbin aka ɗinka shi. Littattafan da suka ɓarke daga Kano tun tsakiyar shekarun 1980, na su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa da sauransu, sirara ne, masu arha, an raba labari kashi biyu ko uku, ana iya naɗe ɗaya a riƙe da hannun hagu, ko a cusa a gefen zane in an ji takun maigida. Akwai masu ba da haya, kuma littafi ɗaya yakan zaga gida goma. Na ga wannan da idona. Yayata, wadda ta girme ni da shekara shida, ita ce ta fara kawo su gidanmu, kuma ban manta wata magariba da ta ɗora tuwo ta nutse cikin karatu har ƙauri ya kai zaure. Inna ta fito ta ƙwace littafin ta ce, "Ke, taura biyu ba ta taunuwa. Ko tuwo ko takarda." Aka ci tuwo mai ƙauri a daren nan ba mai magana. Washegari da hantsi na leƙa ɗakin Inna, sai na tarar ta sa Yaya a gaba tana karanta mata sauran labarin, domin tun jiya an tsaya mata a inda za a ɗaura wa yarinyar aure da wanda ba ta so.

A shekarun 1990 an yi ta muhawara a jaridu kan waɗannan littattafai. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba za su yi ƙarko ba, Abdalla Uba Adamu kuwa ya kare su a matsayin madubin al'umma kuma makarantar karatu. A tsakanin malamai, maganar ta inganci ce da salo da ƙa'idojin rubutu, kuma ni kaina na yarda da yawa daga cikinsu an yi su cikin gaggawa. Amma ƙorafin da nake ji a cikin gidaje ba na salo ba ne. Cewa ake yi suna hana mata aiki, suna sa su raina abin da aka ba su. Wannan ƙorafi, in aka tone shi, faɗa ne a kan mallakar 'yan mintocin nan da injin niƙa ya 'yanta: na maigida ne ko na mai girki? A 2007 har an kai ga ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano. Bai hana kome ba. Karatun ya bar takarda ya koma wayar hannu, inda marubuta mata suke sakin labari kashi-kashi, wasu kuma a karanta su da murya a saurara, wanda ya komar da mu kusa da inda aka faro, hannu yana aiki kunne yana sha. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, da aka fara a 2016 don mata zalla, ta nuna yawan waɗanda suka tashi daga masu karatu suka zama masu rubutu.

Mu da muke zaune a Kudu muna da namu reshen wannan tarihi. Tuwo ya riga littafin boko zuwa nan da nisa, domin ya biyo fataken goro da shanu. An kafa Sabo ta Badun a 1916, kuma Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda matan aure da ke cikin kulle suke tara dukiya ta hanyar dafa abinci, yara suna kai talla ga baƙi da gwauraye. Wato kewar tuwon gida da nake ji ba a kaina aka fara ba, har sana'a aka gina a kanta. A unguwar Hausawan garin da nake, dattijon da nake sayen kuka da daddawa a wurinsa ya gaya mini cewa a da, motar da take kawo masa kaya daga Arewa ita take kawo ɗaurin littattafai, kuma masu sayen wannan su ne masu sayen wancan. Da na fara zuwa na tarar da ragowarsu a ƙarƙashin tebur, sun yi ƙura, har warin daddawa ya kama takardun. Na saye su duka, goma sha ɗaya, kuma su ne yawancin abin da nake karantawa a bakin tukunya.

Abin da ya rage ban faɗa ba shi ne, ƙetarawar nan ta gefe ɗaya ce. Cikin shekara hamsin mace ta ɗauko littafi daga zaure ta kai shi madafi, ta kuma fara rubuta nata. Namiji kuwa, in ka cire masu sana'ar abinci da 'yan ci-rani da dole ta sa, har yanzu yana ganin muciya kamar abin da zai rage masa tsawo. Ni ma dole ce ta sa ni, ba na yi wa kaina kirari. Watanni na yi ina cin tuwo mai gudaji kafin Yaya ta koya mini ta waya cewa garin talge da ruwan sanyi ake dama shi, kuka kuma a rage wuta a riƙa barbaɗawa ana kaɗawa da maburgi.

Kwanakin baya wani ɗalibina ya kawo mini babi na biyu na kundinsa har gida, ya same ni da muciya a dama, Ruwan Bagaja a kife a kan buhun gari. Ya tsaya a bakin ƙofa ya rasa inda zai sa idonsa. Can ya ce, "Allah gafarta Malam, da ka faɗa ai da na turo ƙanwata." Na tambaye shi ajin da ƙanwar take, ya ce tana shekarar ƙarshe a sakandare, jarrabawa saura wata biyu. Na ce ya bar ta da karatunta, ya ajiye kundin a kan kujera, ya wanke hannu ya zo ya riƙe mini tukunyar, don tuwon ya fara ƙarfi.